Zama ƙarƙashin ubangida: riba ce ko ɓata shekaru?

Ɗan Kura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayani. Shekarata 26, na zo Legas a 2019. Acaɓa nake yi tsakanin Ketu da Ojota har zuwa 2022 da gwamnati ta hana okada, da farko a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni, sannan a Satumba ta ƙara huɗu har da Kosofe inda nake. Ban tsaya an kama babur ɗina an niƙe ba, na sayar da shi. Tun daga nan dako nake yi a kasuwar Mile 12, kuma cikin ikon Allah na tara naira dubu 600.

To wani dattijo dillalin tumatir, mutumin yankinmu ne, ya kira ni ya ce ya daɗe yana lura da ni, in zo in zauna a ƙarƙashinsa. Babu albashi. Akwai abinci, akwai wurin kwana, akwai ɗan na kashewa ranar da aka yi ciniki. Ya ce in na yi haƙuri zai ɗora ni a hanya. Abokaina kuwa cewa suke yi in karɓi POS in kafa lema a bakin titi, in zama mai gidan kaina tun yau. Ina da mata da 'ya ɗaya a gida. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Baba Mai Goro, Agege: Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na sauka Ikko a jirgin ƙasa a 1978, ban san kowa ba sai sunan mutum ɗaya da mahaifina ya ba ni. Shekara bakwai na yi a hannunsa, Allah Ya jiƙansa. Shekarar farko ban taɓa kuɗi ba, ban yi magana da mai saye ba. Aikina shi ne kwance huhu, in zube goro a tabarma, in tsince wanda sankara ta taɓa, in ware marsa (manya) daban minu (ƙanana) daban, fari daban ja daban, in sake ganye in ɗaure. Bayan kwanaki a sake kwancewa. Raina ya sha ɓaci, ina cewa wannan ai aikin yara ne. Sai daga baya na gane hannuna yake koya wa gani. Yau ko da ido a rufe ka sa mini goro a tafin hannu zan faɗa maka daushe ne ko sabo, zai kai Sakkwato lafiya ko zai lalace a hanya.

Amma ba wannan ne babban abin da na samu ba. Wata rana wani baƙo ya zo daga arewa zai ɗauki huhu biyar, an gama ciniki har ya fara ƙirga kuɗi. Maigidana ya ce ya dakata, ya kwance ɗaya ya nuna masa cewa ƙasan ya fara taɓuwa, ya rage masa kuɗi da kansa. Da mutumin ya tafi na ce, Baba ai da bai gani ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in zauna in gani. Wannan mutumin ya yi shekara fiye da ashirin ba ya sayen goro a wurin kowa sai gidanmu, bayan rasuwar maigida kuma ya dawo wurina.

Ranar da ya yaye ni huhu biyu kawai ya ba ni. Sai dai ya ɗauke ni har Shagamu, ya bi da ni wurin masu ba shi kaya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ɗana ne, in ya zo ku ba shi, in ya ci ni zan biya. Wannan tafiyar ta fi mini huhu ɗari. Ka je, ɗana. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Tsohon Yaron Shago: Baba, Allah Ya ƙara girma, amma ka yi dace ne. Ni shekara goma sha ɗaya na yi a shagon atamfa da shadda a Balogun. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke zuwa banki, ni ke bin bashi har Mushin da Oshodi. Duk shekara in na yi maganar sallama sai a ce bari a ga bayan Sallah, bari kaya su iso, bari dala ta sauka. Ranar da Allah Ya karɓi ran maigidan, ko sadakar arba'in ba a yi ba 'ya'yansa suka karɓi makulli. Suka ce ina takarda? Babu takarda, babu shaida, alkawari ne tsakanina da wanda ke kabari. Na fito ina da shekara 34, ko yadi ɗaya ba nawa ba. Ɗan Kura, kuɗinka na hannunka, ka riƙe abinka. Barantaka ba sana'a ba ce.

Ɗan Kura: Innalillahi. Yaya, wannan shi ne abin da nake tsoro. To yanzu me kake yi?

Tsohon Yaron Shago: Ina da ɗan teburina na yadi a Agege, shekara huɗu ke nan. Alhamdulillahi ana ci.

Baba Mai Goro, Agege: An zalunce ka ɗana, babu tantama, kuma Allah ba Ya barci. Amma in tambaye ka: wa ya koya maka gane shadda mai kyau da ta bogi? Su wa suka fara ba ka kaya bashi da ka kafa teburin?

Tsohon Yaron Shago: Gaskiya a shagon na koya, kuma mutanen da na sani a can ne suka ba ni. Ban musa ba Baba. Amma abin da na koya shekara uku ta isa. Sauran takwas ɗin fa? Su nake kuka a kai.

Maman Yara Tela: Ku ba ni dama in sa baki, don ni a hannun Bayarabiya na koyi ɗinki a nan Agege, kuma na ga abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu. Ranar da za a kai ni, mijina da yayana suka je, aka zauna, aka faɗi shekarun da zan yi da abin da za a biya, aka rubuta kowa ya sa hannu. Shekara uku. Wata shida na farko guga nake yi, da sa maɓalli, da kalmasa. Almakashi kuwa ko kusa da shi ba na zuwa. Da ta fara koya mini yanka, a takardar buhun siminti na fara, sai da na yanka riga ta fi hamsin a takarda kafin ta miƙo mini atamfar mutane. Ta sha warware ɗinkin da na kwana ina yi, ta ce sake. Na yi kuka a bayan shago ba sau ɗaya ba.

Wata rana na ɓata leshin wata mata, na yanke hannu ya gaza. Jikina yana rawa. Uwar ɗakina ta fito ta ce wa matar ita ce ta yi kuskure, ta biya daga aljihunta. Da dare ta zaunar da ni ta nuna mini inda na auna ba daidai ba. Tun ranar na san abin da ake nufi da babba: ya rufa maka asiri a gaban mutane, ya gyara ka a bayansu.

Da shekara uku ta cika aka yi mini bikin yaye, abin da suke kira firidom, aka ba ni takardar shaida, ta yi mini addu'a da bakinta. Yau yara mata tara ne a ƙarƙashina, kuma kowacce na faɗa wa iyayenta ranar da za ta gama tun ranar da ta shigo. Mu matsalarmu kunya. Muna ganin rashin ɗa'a ne yaro ya tambayi babba, yaushe zan gama? Wannan kunyar ce ta cinye wa ɗan'uwanmu shekara takwas.

Na Alaba: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni ina cikin Inyamurai a kasuwar Alaba, ina ganin yadda suke yi. Yaro zai zo daga ƙauye ya yi wa maigida hidima shekara biyar, shida, bakwai, yadda aka yi yarjejeniya da iyayensa. In lokaci ya yi maigidan ya kama masa shago ya zuba masa kaya. Ba wai duk masu gidansu waliyyai ba ne, akwai masu ƙulla wa yaro sharrin sata ana saura wata uku don kada su sallame shi. Amma wanda ya yi haka sunansa ya ɓaci a kasuwa da kuma garinsu, ƙungiyar layinsu ma za ta kira shi. Kuma a wurinsu abin alfahari ne a ce wane ya sallami yara goma. Mu kuwa sai ka ji ana yabon Alhaji da cewa yaransa sun kai talatin, wasu har da furfura, ba wanda ya tambaya nawa ya tsayar da ƙafafunsu.

Dillali a Mile 12: To ku saurari ɓangarenmu ma, don tun ɗazu masu gida ake yi wa shari'a ba sa nan. Shekara ashirin da biyu ina wannan kasuwa. Na riƙe yara da yawa. Akwai wanda na aika ya karɓo kuɗin kwando arba'in a wurin wata mata, har yau ban sake ganinsa ba. Akwai wanda ya yi shekara ɗaya, ya kwashe lambobin masu aiko mini da kaya daga Kadawa da Ɗanja, ya koma yana kiransu a ɓoye yana cewa zai rage musu la'ada. In maigida ya fara ɓoye wa yaro sirrin sana'a, sau da yawa an taɓa cizonsa ne.

Kuma Ɗan Kura, kada wani ya ruɗe ka cewa tumatir abu ne mai sauƙi don kana ɗaukarsa a ka. Mota ta taso daga Kano ta yi kwana biyu ko uku a hanya, kaya na dahuwa a cikin kwando. Ta iso da tsakar dare. Kafin gari ya waye sai ka san mota nawa suka shigo, don in sun yi yawa farashin asuba ba shi ne na hantsi ba, na hantsi ba shi ne na azahar ba. Sai ka iya duban kwando ka san abin da ke ƙasansa, don sama kullum kyakkyawa ne. Sai ka san lokacin da za ka saki kaya ko da faɗuwa, kafin ya koma abin da Yarbawa ke kira esha, wato tumatir da ya fara lalacewa. Sai ka san wace mata za ka ba bashi ta kawo da yamma, wace ce in ta tafi ta tafi. Sannan ka kira manomi can a gida ka faɗa masa gaskiyar abin da aka sayar, alhali ba ya ganinka. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, kwando ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, dillalai da yawa suka karye. Waɗanda suka tsaya su ne waɗanda manoma suka yarda da su. Dubu ɗari shidanka ba za ta saya maka wannan ba. A mako biyu kasuwar nan za ta iya haɗiye ta.

Tsohon Yaron Shago: Alhaji, don wani yaro ya yi sata sai a hukunta wanda bai yi ba? Ni ko allura ban taɓa ɗauka ba.

Dillali a Mile 12: Ban ce haka ba ƙanena. Abin da aka yi maka haramun ne. Cewa nake yi amana hanya biyu ce. Ni na yaye mutum shida, huɗu suna nan kasuwar, in na yi tafiya su ke duba mini kaya.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba: Bismillah. Ina ganin ba saɓani ne mai yawa tsakaninku ba. Neman wanda zai ɗora ka a hanya ba ƙasƙanci ba ne. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da girmansa ya yi tafiya ya je wurin Halliru ya roƙi ya bi shi don ya koya, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Amma ku lura, tun kafin su ɗaga ƙafa aka gindaya sharaɗi, kuma tafiyar tana da ƙarshe. Sannan ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. To don me za mu ga rubutu a matsayin rashin yarda? Rubutu yana kare maigida daga mantuwa, yana kare yaro daga magada.

A tarihinmu ma haka abin yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a gaban malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, shi kuma ya tarbiyyantar da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. 'Yarsa Nana Asma'u ba ta tara mata a gabanta ta riƙe su har abada ba. Tana koyar da jajis, wato mata jagorori, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su koyar da wasu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Malamin da ɗalibinsa bai taɓa tashi daga gabansa ba, akwai abin dubawa a karatun.

Shawarata ga Ɗan Kura: in har za ka sa kuɗinka a harkar, kada ka miƙa su haka kawai. A yi shi a matsayin ƙiradi, wato jari naka juyawa nasa, a faɗi yadda za a raba riba, da shaidu.

Ma'aikaci a Ikeja: Ni ba ɗan kasuwa ba ne, aikin kwamfuta nake yi a wani kamfani, amma maganar ta taɓa ni. Na zo da digirina ina ganin na gama sani. Wata uku na farko ko wasiƙar aiki ban iya rubutawa yadda ake so ba, in an shiga taro sai in yi shiru don kada a ji harshena. Wani babba a wurin, ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, ya fara kirana bayan an tashi, ya buɗe aikina layi-layi yana tambayata me ya sa na yi kaza. Bai taɓa ba ni ko sisi ba. Amma shi ya fara cewa a taro, bari wane ya yi bayani, shi ya yi aikin. Shi ya gaya mini lokacin da ya kamata in nemi ƙarin albashi da yadda zan faɗa. Abin da nake so ƙannenmu su gane shi ne, ba dole sai wanda kake kwana a shagonsa ba ne jagoranka. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Bauci ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, kuma kowa ya san irin tasirin da zaman nan ya yi a tunaninsa na siyasa. Ba yaron gidansa ba ne, zama ne da tattaunawa.

Na Alaba: Har Ɗangote ma ai a hannun kakansa Alhaji Sanusi Ɗantata ya tashi, kuma da rancen kawunsa ya fara.

Tsohon Yaron Shago: Wannan jininsu ne, ɗan'uwa. Mu da muka zo da leda ɗaya a bayan motar shanu, lissafinmu daban. Kada a kawo mana misalin da bai yi kama da mu ba.

Maman Yara Tela: Akwai wadda ba a yi maganarta ba tun ɗazu, matarsa. Shekaru babu albashi, ita da yarinyar me za su ci? Ɗan Kura, ka kira ta ka yi shawara da ita kafin ka ba kowa amsa. Haƙurin nan ba kai kaɗai za ka yi shi ba. Kuma ka je ka binciki dattijon a wurin yaran da suka taɓa zama da shi, ba a wurin abokansa ba. Ka tambaya su wa ya yaye, suna ina yanzu, suna gaishe shi ko suna kauce masa.

Dillali a Mile 12: Wannan ita ce tambayar. In an nuna maka mutum biyu ko uku da suka fito daga hannunsa suna cin gashin kansu, ka shiga da ƙarfinka. In ba a nuna maka ko ɗaya ba, ka yi masa godiya ka kama gabanka.

Ɗan Kura: Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana biyar, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na bi maganar Hajiya. Na samu mutum uku da suka zauna da shi. Biyu suna da wurinsu a kasuwar, ɗaya ya koma gida yana aiko masa da kaya. Dukkansu sun ce yana da faɗa sosai, kuma ba ya yafe makara, amma bai taɓa cin haƙƙinsu ba. Ɗayan ya ce shi shekara shida ya yi, kuma da ya san zai kai haka da ya tambaya tun farko.

Na kira kawuna da ke Ojota muka je tare. Da kawu ya kawo maganar rubutu, fuskar Alhaji ta canja, ya ce shi tunda yake ba a taɓa kawo masa takarda ba, ko ana zarginsa ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ce, Alhaji ba kai muke tsoro ba, rai muke tsoro, yau kana nan gobe ba mu sani ba. Ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya aika aka kira limamin masallacin layinsu da babban ɗansa. A gabansu ya ce shekara uku, daga farkon kakar tumatir ɗin rani mai zuwa. Shekarar farko sauke kaya da bin bashi, ta biyu zan fara tsayawa a ciniki, ta uku zai bar mini motar mutum ɗaya in riƙa sayarwa da kaina. Zai riƙa ba ni abin da zan aika gida duk wata, ba shi da yawa amma mun yi magana da maiɗakina ta ce za ta iya, za ta ci gaba da ƙosanta. Liman ya rubuta da ajami, kowa ya sa hannu. Kuɗina kuwa ya ce kada in kawo masa ko kwabo, in saya wa iyali awaki da rabi, in ajiye rabi.

Tsohon Yaron Shago: Ka ɗauki hoton takardar ka tura wa kawunka da wani a gida. Kada ta zauna a wuri ɗaya. Allah Ya sa ka fi ni sa'a, da zuciya ɗaya nake faɗa.

Baba Mai Goro, Agege: Madalla ɗana. Ka riga shi zuwa kullum, kuma in ya yi maka faɗa a gaban mutane kada ka amsa, ka bari sai dare. In ka samu sarari ranar Juma'a ka zo Agege bayan an sauko, ka tambayi layin 'yan goro, akwai abin da zan nuna maka game da rubuta bashi a littafi.

Ɗan Kura: In sha Allahu Baba, wannan Juma'ar zan zo. Alhaji ya ce gobe ƙarfe uku na dare in same shi wurin sauke kaya, mota biyu na hanya sun wuce Ibadan.